Ƙungiyar Masanan Binciken Shari'a ta Amurka: Yadda Ta Kafu da Yadda Ta Girma

A ƙauyukanmu, idan aka kore wa mutum shanu da dare, da asuba sai a kira mai bin sawu. Shi kuwa ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ce ɓarayi uku ne, ɗayansu yana ɗingishi, kuma arewa suka nufa. Jama'a su bi bayansa ba gardama, don sun san aikinsa ne. Amma idan magana ta kai gaban alƙali, sai wasu tambayoyi su taso. Wa ya tabbatar da gwanintar mai bin sawun nan? In ya yi kuskure, wa zai gane? In kuma an ba shi toshiyar baki, wa zai tsawata masa?

Ƴan'uwa masu karatu, waɗannan tambayoyi ba na ƙauye kaɗai ba ne. A kotunan manyan biranen duniya ma akwai masu bin sawu irin na zamani. Akwai likitan da ke buɗe gawa don ya gano sanadin mutuwa, da mai awon guba cikin jini, da mai duba zanen yatsa, da mai gwada harsashi da bakin bindigar da ya fito, da mai tantance sa hannu a kan takarda. Aikinsu duka shi ake kira kimiyyar binciken shari'a. Maganarsu ɗaya tana iya kai mutum gidan kaso har ƙarshen ransa, tana kuma iya fid da shi. Saboda nauyin wannan aiki ne masanan ƙasar Amurka suka kafa ƙungiya a shekara ta 1948, wadda sunanta a harshensu American Academy of Forensic Sciences, ana taƙaita shi da AAFS. Labarinta ne za mu kawo muku yau, da abin yabo da abin zargi da ke cikinsa.

Yadda al'amari yake kafin ƙungiya

Ilimin nan ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. A Faransa, tun shekara ta 1868 likitoci da masanan doka suka kafa ƙungiyarsu ta likitancin shari'a a birnin Paris. A shekara ta 1910 kuma Edmond Locard ya buɗe ɗakin bincike na ƴan sanda a birnin Liyon. Shi ne ya shahara da koyarwar nan cewa duk inda mai laifi ya shiga, sai ya bar wani abu nasa, ya kuma ɗauki wani abu na wurin, ko da ƙura ce ko zaren tufa.

A Amurka kuwa abin ya zo a warwatse. Ƙasar tana da jihohi da yawa, kowace da dokarta. A gundumomi masu yawa, ma'aikacin da ke da ikon faɗin sanadin mutuwar mutum zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kamar yadda ake zaɓen magajin gari. Doka ba ta ce lalle sai ya zama likita ba. Sau da yawa ɗan siyasa ne, ko mai sana'ar binne gawa. Irin wannan mutum yana iya rubuta ciwon zuciya a takardar wanda aka ba guba, ba tare da kowa ya ce masa don me ba.

An yi ƙoƙarin gyara nan da can. Jihar Masacusets ta mai da aikin hannun likitoci a 1877. Birnin Niyok ya bi sawu a 1918, inda aka naɗa Dakta Charles Norris babban likitan binciken gawa, tare da Alexander Gettler mai awon guba. A 1929, bayan wani kisan gilla da ƴan ta'adda suka yi wa mutum bakwai a birnin Shikago, Calvin Goddard ya nuna yadda ake gane bindiga ta wurin kurjin da take bari jikin harsashi. A 1932 hukumar ƴan sandan tarayya, wato FBI, ta buɗe nata ɗakin bincike.

Duk da haka, kowa gashin kansa yake ci. Likitan Niyok bai san abin da mai awon guba na Misuri ya gano ba. Lauya bai san iyakar abin da madubin bincike ke iya nunawa ba. Babu wurin da za su haɗu su gwada aikin juna, babu kuma ma'auni ɗaya da za a auna wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce shi masani ne.

Taron farko

Wanda ya ɗauki gabarar haɗa su shi ne Dakta Rutherford Gradwohl, likita, shugaban ɗakin binciken ƴan sandan birnin Saint Louis. Kada mai karatu ya ɗauka Saint Louis ta Senegal ce. Wannan tana jihar Misuri, a bakin kogin Misisipi. Gradwohl ya riga ya kai shekara 70 a lokacin. Ya daɗe yana abota da wani masani ɗan ƙasar Kuba, Dakta Israel Castellanos, kuma cikin hirarsu ne shawarar kiran babban taro ta nuna. Ya sami mataimaka biyu a garinsu: Sidney Kaye, matashi mai awon guba, da Orville Richardson, lauya.

A watan Janairu na 1948 aka yi taron a Saint Louis, kwana uku. Mutum wajen 150 suka halarta. Abin da ya bambanta shi da tarurrukan da aka saba shi ne, ba na likitoci kaɗai ba ne, ba kuma na ƴan sanda kaɗai ba. Likita ya zauna kusa da lauya, mai duba takardu kusa da likitan taɓin hankali. Kowa ya karanta abin da ya rubuto, sauran suka yi masa tambayoyi. Kafin a watse aka yarda cewa kada abin ya tsaya a taro guda, aka naɗa kwamitin da zai tsara ƙungiya mai ɗorewa.

A shekara ta 1950 aka sake haɗuwa a Shikago, aka naɗa shugabanni, Gradwohl ya zama shugaba na farko. Aka raba ƙungiyar sassa bakwai: sashen binciken gawa, da na taɓin hankali, da na guba, da na awon jini, da na doka, da na kimiyyar ƴan sanda, da na takardun da ake shakka a kansu. Hikimar wannan rabo ita ce, kowane mutum yana da ɗakinsa inda zai yi magana da abokan sana'arsa, amma gidan ɗaya ne, kuma sau ɗaya a shekara dole kowa ya fito tsakar gida. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gawa guda tana bukatar likita, da mai awon guba, da mai duba harsashi, da lauyan da zai fahimci abin da suka ce.

Mujalla da matakan shiga

A shekara ta 1956 ƙungiyar ta fara buga mujallarta, mai suna Journal of Forensic Sciences, wadda har yau tana fitowa. Wanda bai san aikin ba zai ce mujalla ai takarda ce kawai. Amma ga amfaninta. Idan masani ya ce ya gano sabuwar hanyar awon barasa cikin jini, ba ya isa a yarda don shi babban mutum ne. Sai ya rubuta dalla-dalla yadda ya yi, a ba wasu masana su duba kafin a buga. Bayan an buga kuma, kowa a ko'ina yana iya maimaita gwajin ya ga ko zai sami abin da aka ce. Lauyan wanda ake tuhuma ma yana iya karantawa ya zo da tambayoyinsa kotu.

Shiga ƙungiyar kuma hawa-hawa ne. Akwai matakin ɗalibi, da na mai koyon aiki, da na sabon ɗan ƙungiya, da na cikakke, sa'an nan matakin ƙoli na waɗanda suka daɗe suna hidima. Ba a hawa da yawan shekaru kaɗai. Sai an ga takardun karatun mutum, da shekarun da ya yi yana aikin, da halartar taro, da abin da ya rubuta ko ya koyar. Akwai kuma dokar ɗa'a wadda ta hana ɗan ƙungiya ƙara wa kansa ilimin da ba shi da shi, ko karkatar da sakamakon bincike don ya faranta wa wanda ya kira shi shaida. Wanda aka kama da wannan, ana iya korarsa.

Mutumin da aka rufe wa ƙofa

Kada a zaci taron masana ba ya da ƙyashi da son kai. Labarin Paul Kirk ya ishe mu misali.

A watan Yuli na 1954 aka kashe matar wani likita mai suna Sam Sheppard a gidansu, kusa da birnin Cleveland. Mai duba gawa na gundumar, Dakta Samuel Gerber, wanda yake babba ne a cikin ƙungiyar, ya ba da shaida cewa tabon jinin da ke kan matashin kai ya yi kama da sawun wani ƙarfen aikin tiyata. Tun da mijin likita ne, sai zargi ya ƙara ƙarfi a kansa, aka ɗaure shi.

A farkon 1955 lauyoyin Sheppard suka kira Paul Kirk, malamin jami'ar Kalifoniya. Ya shiga ɗakin ya auna yadda jini ya fantsama a bango da ƙofa. Ya ce alamun sun nuna da hannun hagu aka yi dukan, alhali Sheppard da dama yake aiki. Ya kuma ce akwai ɗigon jinin da ba na matar ba ne, ba kuma na mijin ba. Kotu ba ta saurare shi ba a lokacin. Sai da Sheppard ya yi shekara goma a gidan kaso. A 1966 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce hayaniyar jaridu ta ɓata shari'ar farko, aka sake sabuwa, Kirk ya ba da shaida, aka sallami Sheppard.

To, shi Kirk, wanda ya horar da ɗalibai masu yawa a wannan fanni, har ya rasu a 1970 ƙungiyar ba ta karɓe shi ba. Masu rubuta tarihin sana'ar suna danganta wannan da saɓaninsa da Gerber. Daga baya sai ga shi lambar yabo mafi girma ta sashen binciken kayan shaida sunan Paul Kirk aka sa mata. Ƙungiyar da ta hana shi kujera yana da rai, ita ce ke kiran sunansa kowace shekara bayan ya mutu. Darasin a fili yake: inda manya suka mai da ƙungiya gonar gado, gaskiya ce ke kwana waje.

Girma da sababbin sassa

Da tafiya ta yi tafiya sai gidan ya ƙaru. A 1970 likitocin haƙori suka sami sashensu. Aikinsu yana da amfani ƙwarai wajen gane gawar da wuta ta ci ko ta ruɓe, domin haƙori yana daɗewa bayan nama ya tafi. A 1972 masanan ƙasusuwa, cikinsu har da Ellis Kerley da Clyde Snow, suka kafa nasu sashen da mutum goma sha huɗu kacal. Daga baya injiniyoyi suka shigo, masu binciken dalilin rushewar gini ko haɗarin mota. A 2008 aka buɗe sashen masu binciken kwamfuta da wayar hannu, don mai laifin yau yana barin sawu cikin na'ura kamar yadda na jiya ke bari a kan rairayi.

Tsakanin 1975 da 1977, da goyon bayan ƙungiyar, aka kafa hukumomin jarrabawa na fannoni dabam-dabam: na guba, da na haƙori, da na ƙasusuwa, da na takardu. Kowace tana yi wa masani jarrabawa kafin ta ba shi takardar shaidar ƙwarewa. A farkon shekarun 2000 kuma ƙungiyar ta kafa kwamitin da ke duba jami'o'in da ke koyar da fannin, ya tabbatar suna da malamai da kayan aiki.

Ƙungiyar da ta fara da mutum 150 yanzu tana da mutum sama da 6000, daga ƙasashe wajen 70. Mazauninta yana birnin Colorado Springs. Tana yin babban taronta sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Fabrairu, inda dubban mutane ke haɗuwa na kusan mako guda. Wasu ƙasashe ma sun kafa nasu: Kanada a 1953, Ingila a 1959.

Lokacin da ƙasusuwa suka ba da shaida

Babu abin da ya fito da darajar wannan ilimi a idon duniya kamar aikin masanan ƙasusuwa. Daga ƙashin ƙugu ana gane namiji ne ko mace. Daga haƙori da gaɓoɓi ana ƙiyasta shekaru. Daga ƙashin cinya ana ƙiyasta tsawo. Tsohuwar karaya kuma tana nan kamar hatimi, iyalin mamaci suna iya cewa lalle ɗanmu ya taɓa karyewa a nan.

Daga 1976 zuwa 1983 sojoji suka mulki ƙasar Ajantina, dubban mutane suka ɓace ba labari. Da mulkin ya faɗi, iyaye da kakanni suka tashi neman ƴaƴansu. A 1984 Clyde Snow ya je ƙasar cikin wata tawagar masana. Da ya ga ana tonon kaburbura da manyan motocin haƙa, ana farfasa shaida, sai ya tara wasu ɗaliban jami'a ya koya musu tono da ƙaramin cokali da buroshi. A 1985 ya tsaya gaban kotun da ta yi wa shugabannin sojan shari'a, ya nuna hotunan ƙoƙon kai da ramin harsashi. Ɗaliban nan su ne suka zama tawagar masanan ƙasusuwa ta Ajantina, wadda ta yi aiki a ƙasashe da dama.

A cikin wannan shekara ta 1985 Snow da Kerley suna cikin masanan da aka kira ƙasar Birazil don duba wasu ƙasusuwa da aka tono. Suka ce na Josef Mengele ne, likitan nan na Jamus ta zamanin Hitila wanda ya azabtar da fursunoni, ya gudu, aka yi shekaru ana nemansa. A 1992 awon ƙwayoyin halitta ya tabbatar da maganarsu.

Aikin nan ya iso har maƙwabtanmu. Da aka shirya yi wa tsohon shugaban Cadi, Hissène Habré, shari'a a Dakar, tawagar nan ta Ajantina ce aka kira ta tona wasu kaburbura a Cadi ta kai wa kotu rahoto. A watan Mayu na 2016 kotun ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Ranar wanka

A shekara ta 1984 wani malamin jami'ar Leicester ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano hanyar bambanta mutum da mutum ta wurin ƙwayoyin halittarsa, abin da ake kira ADN da Faransanci. Ɗigon jini, ko miyau, ko tushen gashi ya isa. Karon farko da aka yi aiki da shi a shari'ar kisa, abin da ya fara yi shi ne wanke wani yaro wanda ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Daga baya ya kama mai laifin na gaskiya.

Wannan sabon awo ya zama alheri, amma ya kuma tona asirin tsofaffin hanyoyi. Lauyoyi suka riƙa komawa ga kayan shaidar da aka ajiye tun shekaru, suna neman a sake aunawa. Sai ga mutane suna fitowa daga gidan kaso, waɗanda shaidar masana ce ta kai su.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ray Krone na jihar Arizona. A 1992 aka yanke masa hukuncin kisa, bisa shaidar likitan haƙori wanda ya ce sawun cizon da ke jikin gawa ya dace da haƙoransa. A 2002, bayan shekara goma a tsare, awon ADN ya nuna wani mutum ne dabam. Dalilin kuskuren ba boyayye ba ne. Fatar mutum ba kakin zuma ba ce. Tana miƙewa, tana kumbura, tana sauya kama bayan mutuwa. Gane gawa ta wurin haƙoranta abu ne tabbatacce, amma gane mai cizo ta wurin tabon da ya bari a fata wani abu ne dabam, kuma ba a taɓa gwada ingancinsa yadda ya kamata ba kafin a kai shi kotu.

A shekara ta 2009 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto mai zafi. Ta ce, ban da awon ADN, babu wata hanya cikin hanyoyin da ake bi wadda aka tabbatar da bincike mai ƙarfi cewa tana iya ɗaure kayan shaida ga mutum guda tak ba tare da kuskure ba. Ta kuma ce ya kamata ɗakunan bincike su fita daga ƙarƙashin ikon ƴan sanda da masu gabatar da ƙara, don kada mai awo ya ji dole sai ya faranta wa maigidansa. A 2015 hukumar FBI ta amsa da bakinta cewa, cikin masu duba gashi 28 da take da su, 26 sun zarce iyaka a shaidarsu. Cikin shari'o'i 268 da aka sake dubawa, an sami wannan aibi a sama da kashi 95 cikin 100. Mutum 32 daga cikin waɗanda abin ya shafa hukuncin kisa aka yanke musu, 14 kuwa an riga an kashe su ko sun mutu a tsare.

Wannan zargi ya taɓa ƙungiyar kai tsaye, domin da yawa daga masu waɗannan hanyoyi ƴaƴanta ne, a tarurrukanta suka koyar da su. Masu sukarta suka ce ta yi shekaru tana ba mutane takarda da lambar yabo, ba ta tambayi tushen iliminsu ba. Abin da za a yaba mata shi ne ba ta toshe kunne ba. Ta bar ƙofar taronta a buɗe ga masu sukar, aka yi ta muhawara gaba da gaba, wani lokaci har da ɗaga murya. A 2015 ta kafa hukumar tsara ma'auni, wadda ke rubuta ƙa'idojin aiki fanni-fanni: yadda za a ɗauki kayan shaida, yadda za a auna, da kalmomin da masani zai iya faɗa a kotu da waɗanda bai kamata ya faɗa ba. Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba. Har yanzu dai gyaran bai ƙare ba, kuma akwai kotunan da ke karɓar shaidar cizo.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da ƙungiyar Amurka? Ƙasarmu ta riga ta ga aikin wannan ilimi da idonta. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin sama na kamfanin UTA, wanda ya taso daga Barazabil ya biyo ta Injamena zai tafi Paris, ya tarwatse a sararin Tenere. Mutum 170 suka rasu, babu wanda ya tsira, babu kuma wanda ya ga abin da ya faru a cikin jirgin. Aka tsince tarkacen cikin rairayi aka kai Faransa. Masana suka sami alamar nakiya a jikin ɓallin wata akwati, da wani ɗan guntun na'urar agogon da ya tayar da ita. Waɗannan ƙananan abubuwa suna cikin hujjojin da suka sa kotun Paris, a 1999, ta yanke wa wasu ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu.

Ba sai jirgi ya faɗi ba. Kowace rana alƙalanmu suna fuskantar takardar fili da ake gardamar sa hannunta, ko gawar da aka tsinta a daji, ko yarinyar da aka ci wa zarafi, ko takardar likita da ke faɗin girman rauni. A kowane ɗaya, kalmar masani tana iya fin ta shaidu goma nauyi. A nahiyarmu ma likitoci sun ga wannan bukata, har suka kafa ƙungiyar likitancin shari'a ta Afirka a ƙasar Botswana a 2010.

Daga labarin da muka kawo ana iya tsintar abubuwa huɗu masu amfani ga ma'aikatanmu.

Na farko, shaida tana lalacewa tun kafin masani ya iso. Idan jama'a suka tattake wurin da abu ya faru, ko aka wanke wuƙa, ko aka ƙone tufar da ke da jini, to babu ilimin da zai dawo da su. Maigari da jandarma da ɗan sandan da suka fara zuwa, su ne masu tsaron gaskiya na farko. A kewaye wurin, a hana taɓa kome, a rubuta sunan duk wanda kayan shaida suka bi ta hannunsa.

Na biyu, masani ba na mai ƙara ba ne, ba kuma na wanda ake ƙara ba. Na kotu ne. A tsarin shari'ar da muke bi, alƙali mai bincike ne ke naɗa shi, yana kuma yin rantsuwa. Wannan kariya ce mai kyau, amma ba ta hana kuskure. Ya kamata alƙali ya tambaye shi: da wace hanya ka gano haka, wa ya gwada hanyar, sau nawa take kuskure?

Na uku, masanin kirki ba ya jin kunyar cewa abin da ke gabansa bai isa a yanke magana ba. Wanda ke da amsa ga kowace tambaya, shi ne abin tsoro.

Na huɗu, wanda ke aiki shi kaɗai ba ya ganin kuskurensa. Likita ɗaya a Tawa, da wani a Damagaram, da wani a Yamai, in ba su da wurin haɗuwa su duba aikin juna, kowa zai tsufa da kuskurensa. Abin da Gradwohl ya gane ke nan a 1948, bai kuwa fara da kuɗi masu yawa ko babban gini ba. Da wasiƙun gayyata ya fara, da ɗakin taro guda.

Gradwohl ya rasu a 1959, bai ga awon ADN ba, bai kuma ga rahoton 2009 ba. Lambar yabo mafi girma ta ƙungiyar sunansa take ɗauke da shi. Amma gadon da ya bari wanda ya fi lamba shi ne al'adar nan ta tara masana wuri guda, kowa ya ajiye aikinsa a fili a duba. Wanda ke zaune gidan kaso bisa kuskuren wani, ba shi da wata fata da ta wuce a sami mai sake dubawa. Allah ya ba alƙalanmu da likitocinmu da jami'an tsaronmu ikon riƙe amana, ya kuma kare mu daga shaidar zur, ta ganganci da ta rashin sani.